Labarin Gulbin Da Ke Shayar Da Sakkwato

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni filin nan da ka saba ba ni, in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta da malaman zaure bisa wani maƙwabcinmu, wanda kullum muna cin arzikinsa amma kaɗan ne daga cikinmu suka san asalinsa. Maƙwabcin nan shi ne gulbin da ya bi ta gefen birnin Sakkwato, wanda waɗansu ke kira Rima, waɗansu Gulbin Sakkwato, mutanen yamma kuwa su ce Gulbin Kabi.

Kadan ka tare ɗan makaranta a nan Gidan Igwai ka tambaye shi kogin da ya ratsa Masar, kafin ka rufe baki ya ce maka Nilu. Amma tambaye shi inda ruwan da ya sha da safe ya taso, da garuruwan da ya wuce, da inda za shi, sai ya sunkuyar da kai. Laifin namu ne, mu manya, zama abin da ba mu sani ba ba mu iya koyar da shi. Rashin sanin nan kuwa ya ci mana gonaki da gidaje, har da rayuka, kamar yadda zan bayyana a gaba. Saboda haka na ga ya kamata in tara abin da ya tabbata na labarin gulbin nan wuri guda, don malami ya sami abin karanta wa yaransa.

Mafarinsa Da Hanyarsa

Da farko sai mu sani gulbi biyu ne suka gamu a nan. Na farko, Gulbin Sakkwato, ya taso daga tuddan da ke kusa da Funtuwa, a kudancin Jihar Katsina. Ya nufo arewa maso yamma, ya bi ta Gusau, ya wuce ƙasar Maradun da Talatar Mafara, kana ya iso mana. Na biyu, watau Rima, shi tarin gulabe ne. Gagare ya biyo ta Ƙaura Namoda, Bunsuru ya kwaso ruwan yammacin Katsina, har da na Karaduwa da ke wajen Dutsin-Ma, suka haɗu a ƙasar Shinkafi da Isa. Akwai kuma Gulbin Maraɗi, wanda tafiyarsa abin mamaki ce. A ƙasar Katsina aka haife shi, ya bi ta Jibiya ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya shayar da Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya karkato ya komo Nijeriya ya faɗa Rima a ƙasar Sabon Birni. Daga nan Rima ya gangaro ta Goronyo da Wurno har Sakkwato.

Da suka gamu dab da birnin nan, sai suka zama guda, suka nufi yamma ta Wamakko da Silame, suka karya kudu ta Augi da Argungu da Birnin Kebbi. A ƙasa da Birnin Kebbi Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Anka da Gummi da Jega, ya zuba nasa. Can gaba kuma Gulbin Ka ya kawo nasa. Daga nan duk suka faɗa Kwara kafin ta kai Yawuri, ita kuwa ta kai su teku. Ashe ke nan ruwan da ya zuba bisa rufin wani Bakatsine a Funtuwa yana iya ratsa randar wani Basakkwace, ya jiƙa shinkafar wani Bakabe, ya ƙare cikin teku a kudancin Nijeriya. Duk wanda ya duba taswira zai ga gulbin ya yi baka kamar lauje, ya fara da nufin arewa kamar mai shirin shiga hamada, sa'an nan ya fasa ya juyo kudu.

Abin Da Ke Ƙarƙashin Ƙasa

Matafiya sun sani, da rani kadan ka je gulaben gabas, irin su Gagare da Bunsuru, yashi za ka tarar, sai an tona a sami ruwa. Amma daga Sakkwato zuwa Argungu da Birnin Kebbi ruwa ba ya yankewa ƙaf. Dalilin wannan yana ƙarƙashin ƙasa. Ƙasar gabas, wajen Funtuwa da Gusau, bisa fā take zaune, dutse mai tauri wanda ba ya shan ruwa. Ko da yake ruwan sama ya fi yawa can, don Funtuwa takan sami kamar milimita 1,000 a shekara, mu kuwa a Sakkwato tsakanin 600 da 700, da ya zuba sai ya gudu gaba ɗaya. Ƙasar yamma kuwa yashi ce da laka da farin dutse, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Tana shan ruwa da damina ta ɓoye, da rani ta riƙa tsattsafo da shi kaɗan kaɗan cikin gulbi da tafkuna, irin Tafkin Kware. Gabas ke samun ruwa, yamma ke ajiyarsa.

Masana ilmin duwatsu sun ce shimfiɗun nan teku ce ta bar su, wadda ta rufe wannan yanki fiye da shekara miliyan 60 da suka wuce. Shaidarsu ita ce ƙasusuwan kifaye da kadoji da kunkuru da suka zama dutse, waɗanda ake tonowa a tuddan Dange da Wurno da Goronyo. Har akwai wata babbar dabbar teku mai kama da kada wadda malaman Italiya suka raɗa wa suna da sunan Goronyo a 1972, ana karanta sunan a manyan makarantun duniya. Farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Kalambaina shi ma ragowar tekun nan ne. To, jama'a, wa zai ce ƙasar da muke kuka da zafinta da ƙurarta ta taɓa zama gidan kifi? Ikon Allah ya wuce tunanin bawa.

Yadda Fadama Take Ciyar Da Mutum Huɗu

Arzikin gulbin nan a fadamarsa yake. A dā, cikin watan Agusta da Satumba ruwa kan cika ya tumbatsa, ya bazu bisa fadama mai faɗin gaske, ya kwanta makonni, kana ya janye ya bar laka mai taki. Fili guda sai ya ciyar da mutum huɗu bi da bi. Mai shinkafa shi ke fara shiga, ya shuka tun kafin cikowa, shinkafar ta riƙa tashi tare da ruwa. Irin shinkafar nan ja ta gargajiya tamu ce ta ƙasar baƙar fata, kakanninmu na nomanta tun kafin a kawo fara daga waje. Masunci na biye, zama cikin ciyawar da ruwa ya rufe kifi ke ƙwai, kadan ruwa ya janye ya bar tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu da giwan ruwa cikin tafkuna, a shiga da homa da gora da taru. Sa'an nan mai lambu ya kafa jigo, ya dasa albasa da tafarnuwa da dankali da rake. Daga ƙarshe Bafillace ya gangaro da shanu su ci burugu da karan da aka bari, su bar taki.

Ba wanda ya rubuta wannan tsari a takarda. Gulbi ne ya yanka wa kowa lokacinsa, sarakunan ruwa da na noma da arɗo-arɗo suka tsare shi. Ina roƙon masu karatu su riƙe wannan magana, don kadan aka sāke lokacin cikowar ruwa an sāke rabon mutanen nan huɗu, daga nan kuwa rigima ke tasowa.

Gulbi Da Sarauta

Duba inda manyan biranen ƙasar nan suka zauna, za ka ga duk kusa da ruwan nan ne. Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga hannun Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, ya kafa Surame kusa da fadamar yamma da Sakkwato. Ganuwarta ta dutse tana nan har yau, an sa ta cikin wuraren tarihi da hukuma ke tsarewa tun 1964. Masu ba da labarin dā sun ce Kanta ya sa an sassaƙa masa babban jirgi aka lulluɓe shi da tagulla, don ya zaga garuruwansa lokacin da ruwa ya raba su. A farkon ƙarni na 18 Kabawa suka bar Surame, Sarkin Kabi Tomo ya gina Birnin Kebbi, ita ma bisa tudu mai kallon fadama.

A gabas kuma Zamfarawa suna da birninsu kusa da inda Isa take yanzu. Gobirawa suka gangaro daga arewa suka roƙi wurin zama, aka ba su wata gona a bakin Rima wadda aka ce ta alƙalin Zamfara ce, shi ya sa ake kiran wurin Alƙalawa. Baƙo ya yi ƙarfi ya fi mai gida, wajen tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Alƙalawa ta zama babban birnin kwarin Rima. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, a nan kuma Yunfa ya yi nasa.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, kusan dukan manyan al'amuransa na farko cikin kwarin nan suka auku. An yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804, aka gwabza a Tafkin Kwatto cikin watan Yuni na shekarar. A 1805 Malam Abdullahi ya ci Birnin Kebbi. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa. A 1809 Muhammadu Bello ya fara gina Sakkwato, ya zaɓi tudun da ke kallon magamar gulaben nan biyu. Ruwa na kusa, fadama ga dawaki da noma, amma gari na sama inda cikowa ba ta kai. Shehu ya komo nan a 1815, ya rasu a 1817. Bello kuma ya kafa ribaɗi a Wurno, bisa Rima, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake.

Waɗanda aka kora su ma ba su rabu da ruwan ba. Katsinawan da suka ƙi bi suka zauna Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, dukansu a bakin Gulbin Maraɗi. Kabawa suka riƙe Argungu, Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a 1849, fadama ta zama musu garkuwa, zama doki ba ya sukuwa cikin taɓo. In ban da ɗan sulhun da ake kira Lafiyar Toga, haka aka yi ta kai ruwa rana tsakanin Kabi da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Abin sha'awa, gulbin da aka yi ta yaƙi a bakinsa shi ya zama wurin shiri. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya sa aka yi babban su a Matan Fada don girmama shi. Asalin bikin kamun kifi na Argungu ke nan kamar yadda aka san shi yanzu, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun duniya abin tsarewa a 2016.

Zuwan Turawa Da Yankan Iyaka

Neman labarin ruwa ne ya fara kawo Bature Sakkwato. Turawa sun daɗe suna gardama bisa inda Kwara ta ƙare. A watan Maris 1824 Kyaftin Kilafatan na Ingila ya iso wurin Sarkin Musulmi Bello yana tambaya. Aka ba shi taswirar ƙasashen nan, tare da wani yanki na littafin Bello mai suna Infaƙul Maisuri, wanda ya fara da bayanin ƙasashe, aka buga su a Landan a 1826. Ya komo karo na biyu, ciwo ya kama shi, ya mutu nan a watan Afrilu 1827. Baransa Landa shi ya ƙarasa aikin, ya bi Kwara cikin jirgi tare da ƙanensa har teku a 1830. Bayansu Dakta Bat, Bajamushe, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya zauna Wurno da Sakkwato da Gwandu a 1853. Malamai, ku lura da wannan. Sarkin Musulmi da kansa ya ɗauki labarin ƙasa ilmi ne mai daraja har ya rubuta shi, baƙi suka ƙetaro hamada don su ji daga bakinsa. Mu jikoki mene ne hanzarinmu?

Da Ingila da Faransa suka zauna rabon ƙasa, ba su tambayi gulbi ba. A yarjejeniyar 1898 suka kafa tsinke bisa Sakkwato a taswira suka zana baka mai nisan mil 100. Aka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, sa'an nan aka gyara iyakar a 1904 da 1906. Iyakar nan ta yanka Gulbin Maraɗi sau biyu, kansa da wutsiyarsa a Nijeriya, cikinsa a Nijar. Don haka abin da aka yi wa ruwa a Jibiya yana taɓa mai lambu a Maraɗi, abin da aka yi a Maraɗi yana taɓa na Sabon Birni. Ƙasashen biyu sun gane haka, suka sa hannu a wata yarjejeniya a Maiduguri a 1990 bisa raba ruwan da suka yi tarayya a kansa, har da wannan gulbi.

Zamanin Madatsai

Bayan fari mai tsanani na farkon shekarun 1970, hankalin gwamnati ya koma ga tare ruwan damina don aikin rani. Aka kafa Hukumar Raya Kwarin Sakkwato da Rima a 1973. Aka gama madatsar Bakolori bisa Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, a 1978, mai ɗaukar kubik mita miliyan 450, da nufin shayar da hekta 23,000. Aka gama ta Goronyo bisa Rima a 1984, mai ɗaukar fiye da kubik mita miliyan 900. Don mai karatu ya gane girman abin, kubik mita guda lita 1,000 ne, watau jarka 40 irin ta 'yan garuwa. Akwai kuma ta Zobe bisa Karaduwa, da ta Jibiya, da ta Gusau.

Ba mai gardama madatsan nan sun yi amfani. Ruwan da ake sakowa daga Goronyo da rani shi ke taimakon famfunan birnin Sakkwato, shi ke riƙe noman rani har Argungu da Birnin Kebbi. Shinkafar Kebbi da ta yi suna, har aka buɗe shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, da ruwan nan aka noma mai yawa daga cikinta. Amma gaskiya ɗaya ce, dole a faɗi ɗaya gefen.

Tafkin Bakolori ya tashi mutane kamar 13,000 daga gidajensu da gonakinsu. Waɗanda aka karɓi gonakinsu don a baje su suka yi shekaru ba su yi noma ba, maganar diyya ta yi ta ja. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Lissafin hukuma na waɗanda suka mutu bai kai talatin ba, masu bincike kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Na ƙasa da madatsar su ma sun ji jiki, ko da yake ba a harbe su ba. Wani malami Bature, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan da ke tsakanin Bakolori da Sakkwato, ya tarar cikowar ruwa ta ragu, shinkafa ta ja baya aka koma gero da dawa masu ƙarancin kuɗi, noman rani na gargajiya ya ragu don ruwan ƙasa ya yi nisa, kifi ya ƙaranta har masunta suka yi ƙaura. Da aka yi lissafin ribar madatsar, gonar da za a shayar aka ƙirga, ba a ƙirga fadamar da za ta bushe ba.

Sai kuma shekaru biyu da ya kamata kowane ɗan Sakkwato ya riƙe. A watan Satumba 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, mai yawa ya kwararo gaba ɗaya. Ƙauyukan Goronyo da Wurno da Kware da Wamakko da Silame suka nutse, amfanin gona ya tafi ana dab da girbi, hanyar da ta haɗa birni da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanke, malamai da ɗalibai suka koma shiga kwalekwale. Kusan shekara takwas bayan haka, a watan Maris 2018, hukumar da ke lura da madatsar ta ba da sanarwa ruwan da ya rage cikinta kamar kashi ɗaya ne cikin goma, ta ce ƙarancin ruwan sama na 2017 da yashin da ya taru su ne sanadi. Madatsa guda, wata shekara ta yi ambaliya, wata ta kusa ƙafewa. A 2020 kuma cikowa ta cinye gonakin shinkafa masu yawan gaske a Jihar Kebbi.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Na san wani zai ce ruwa na Allah ne, ba mai hana shi zuwa, ba mai sa shi zuwa. Haka ne. Amma inda mutum zai gina ɗakinsa, da sa'ar da za a buɗe ƙofar madatsa, da itacen da za a sare a bakin gulbi, waɗannan an bar wa bawa zaɓi cikinsu. Bello da ya ɗora Sakkwato bisa tudu ya fi mu tawakkali. Mutanen Maraɗi kuwa sai da cikowar 1945 ta rushe tsohon garinsu na cikin kwari tukuna aka komar da shi bisa tudu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga shawarwari biyar da nake miƙawa ga hukuma da jama'a, cikin ladabi.

Na ɗaya, kada a saki ruwa mai yawa daga kowace madatsa sai an sanar da na ƙasa tun da sauran kwanaki. A bi ta hakimai da dagatai da sarakunan ruwa, a faɗa a rediyo da masallatai da kasuwanni, da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci. Takardar da ta tsaya a tebur ɗin ofis ba ta tsamo kowa daga ruwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Na biyu, a yanka wa fadama rabonta. A sa lokaci sananne kowace shekara wanda za a saki ruwa da gangan, gwargwadon da zai jiƙa fadama kifi ya yi ƙwai, a sanar da manoma tun kafin shuka. An gwada irin wannan a madatsar Manantali ta ƙasar Mali, don manoman kwarin Kogin Sanagal. Abin da aka iya can ana iya shi nan.

Na uku, a tare yashi tun daga inda yake tasowa. Yashin da ke cika Goronyo daga gonakin tudu da gāɓar gulabe yake zuwa, inda aka sare itatuwa aka nome har bakin ruwa. Kwashe shi da injin yana cin kuɗi mai yawa, kuma baɗi wani ya komo. A bar ɗan fili a kowace gāɓa ba noma, a dasa itatuwa da ciyawa mai riƙe ƙasa, a ba dagatai ikon tsarewa. Tun da gulaben sun ratsa Katsina da Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Maraɗi, sai su yi aikin tare, don ruwa bai san shingen jiha ba.

Na huɗu ya shafe mu mutanen birni. Gari ya yi girma ya fita bayan ganuwa ta kowace ƙofa, unguwanni irin tamu sun cika, har waɗansu na gangarawa suna gini inda tsofaffi suka san hanyar ruwa ce. Mai sayar da irin wannan fili da mai sa hannu a takardarsa duk suna da alhaki. Haka kuma sharar da muke zubawa a magudana, da leda da ruwan rini da na jima, ruwan sama na farko zai kwashe su ya kai gulbi, mu sha, na Silame da Argungu su sha ragowar.

Na biyar, aikin masu alƙalami. Malamin makaranta ya kai yaransa bakin gulbi ko sau ɗaya a shekara, su zana taswirarsa da hannunsu, su hardace garuruwan da ke kansa kamar yadda suke hardace lissafi. Malamin zaure ya zauna da tsofaffin masunta da manoma ya rubuta sunayen tafkuna da mashayai da shekarun manyan cikowa, ko da ajami ne, tun ba su tafi da saninsu ba. Mu akawuna kuwa mun san darajar littafin da ake cikawa kullum. A kafa sanda mai awo a gindin kowace gada, a sa mutum guda ya riƙa rubuta tsayin ruwa kowace safiya, a ajiye littafin inda kowa zai iya dubawa. Aiki ne mai araha, amma bayan shekara ashirin shi zai gaya wa mai gini inda zai tsaya, ya gaya wa mai madatsa ran da zai buɗe.

Surame ta zama kufai, Alƙalawa ta zama kufai, gulbin da ya shayar da su yana nan yana tafiya. Ya ga Kanta, ya ga Bawa, ya ga Bello, ya ga Turawa sun zo sun tafi. Abin da ya rage shi ne irin halin da za mu miƙa shi ga na bayanmu. Ina roƙon masu karatu na Funtuwa da Gusau da Isa da Maraɗi da Argungu da Jega, kowa ya rubuto wa Edita labarin gulbin garinsu, da sunan da suke kiransa, da yadda yake a dā da yadda ya koma yanzu. In an tara su za mu sami littafi wanda yaranmu za su karanta su san ƙasarsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga fari da ambaliya, amin.

Haza wasalam.

Naka,
Akawu, Gidan Igwai, Sakkwato.